Yadda Yusha'u Ya Ɗauki Innarsa a Fim

Ni ce Bahijja, 'yar garin Turawa ta ƙasar Karaye. Wanda zan ba ku labarinsa taubashina ne, Yusha'u ɗan Kawu Sulle na Fulatan. Ummata da babansa uwa ɗaya uba ɗaya. Don haka duk abin da na faɗa a kansa kar wani ya ce na yi masa rashin kunya, wasan gado ne, tarar da shi muka yi. Ya girme ni sosai, amma har yau ba mu gama musun wane ne bawan wani ba.

Yusha'u ɗan fari ne a wurin Inna Saude, matar Kawu. Tun da aka yaye shi aka kawo shi gidanmu, lokacin Umma ba ta haihu ba, shi ke nan ya zauna. Fulatan sai da Sallah ko hutun makaranta. Ni da na buɗe ido a gidanmu na gan shi, na daɗe ina zaton cikinmu ɗaya.

Tun yana yaro mutumin nan ba daidai yake ba. Yara za su je gidan kallo su dawo suna ba da labarin wa ya daki wa, shi kuwa sai ya dawo yana tambayar a ina mai ɗaukar ya tsaya har ya hango saman kan mutane. Wa zai ba shi amsa? Ya taɓa fafe kwalin taliya ya zura tocila a ciki, ya yanka mutum-mutumin takarda, ya rufe mu a ɗakin Umma da rana tsaka wai sinima. Zafi ya kusa kashe mu, amma wallahi mun kalla har ƙarshe.

Da ya samu waya kuwa sai abin ya zama ciwo. Aka ba shi ɗaukar bikin wata maƙwabciyarmu. Da aka zo kallo, amarya ta fito kamar walƙiya ta wuce, sauran duk hannun tsofaffi ne suna tuƙa tuwo, da wata yarinya tana gyangyaɗi a kan buhun shinkafa, da takalman mutane a bakin ƙofa. Uwar amarya ta zo har gida ta ce leshin da ta ɗinka ko gefensa ba a gani ba. Umma ta yi ta ba ta haƙuri, shi kuwa yana ɗaki yana sake kallon takalman.

Da ya samu jami'a ya ce fim zai karanta, Kawu Sulle ya hau babur tun daga Fulatan ya zo. Ko ruwan da na kawo masa bai sha ba.

"Lauratu," ya ce wa Umma, "fim ɗin ma sai an je jami'a? Ba danna abu ake yi ba?"

Umma ta ce, "Yaya, ni ma haka na zata. Amma kai ka ba ni shi, ni kuma na ce ya je."

Kawu ya sha ruwan, ya ce Allah ya sa albarka. Amma duk inda aka tambaye shi me yaron yake karanta sai ya ce aikin jarida.

Ni dai aji uku na sakandare na tsaya, ba na ɓoyewa, lissafi ne ya kore ni. Amma duk hutun da Yusha'u ya zo sai na zauna na sha labari. Ashe karatun nasu kashi biyu ne. Akwai na aji, su zauna a kashe musu fitila su kalli fim ɗaya, a tsayar, a koma baya, a tambaye su me ya sa aka ajiye mutumin nan a gefe ba a tsakiya ba, me ya sa aka yi shiru a nan. Su rubuta shafi-shafi a kan shirun kawai. Sai kuma na hannu, a ba su kyamara su fita rana su ɗauko, su dawo su zauna gaban kwamfuta suna yanka suna haɗawa har idonsu ya yi ja.

Na ce, "Wato iyaye na can suna noma, ku kuna kallon fim ana ba ku maki."

Ya ce, "Ke baiwa, kawo min ruwa."

Na ce, "Darakta babu ko akuyar ɗauka."

A shekararsa ta ƙarshe aka ce kowa ya yi ɗan gajeren fim na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, mutum na gaske da sana'arsa ta gaske. Shi ne aikin fita. Wanda bai kawo ba, ko ya kawo aka ƙi karɓa, sai ya maimaita shekara, abokansa su tafi bautar ƙasa su bar shi. Malamar da ke duba aikinsa, Malama Nuriyya, ta kafa masa sharaɗi: ba ta son muryar wani yana bayani a sama, mai sana'ar ita za ta yi magana da bakinta. Kuma a aji an koya musu cewa ka zaɓi wanda ya fi kusa da kai, shi zai saki jiki ya buɗe maka ciki.

Sai gogan naku ya zauna ya yi tunani, wa ya fi kusa da shi a duniya? Uwar da ta haife shi. Ga ta kuma da sana'a, duk Fulatan an san man gyaɗar Inna Saude da ƙuli-ƙulinta. Ya rubuta, malama ta sa hannu. Ya aika Umma ta tambayi Inna ko za ta yarda a ɗauke ta tana aiki, Inna ta ce ba komai. Shi ke nan ya ɗauka magana ta ƙare.

Da ya tambaye ni da na gaya masa. Bai tambaye ni ba.

Ranar Juma'a da yamma ya iso Turawa da jakunkuna kamar mai hijira. Kyamarar makaranta ce aro aka ba shi, Litinin da safe zai mayar, don akwai layin ɗalibai a bayansa, in ya mayar kuma ba zai sake ganinta ba. Asabar da sassafe muka ɗauki babur biyu zuwa Fulatan, ni aka ɗora wa ƙafar kyamarar, duk ramin da muka faɗa sai ta doke ni a haƙarƙari.

Muka yi sallama. Inna Saude na tsakar gida ta riga ta hura wuta, ƙanshin soyayyar gyaɗa har zaure. Yusha'u ya durƙusa daga nesa.

"Inna ina kwana. Mun same ku lafiya?"

Ta ce, "Lafiya," tana kallon kasko. Sai ta juyo gare ni fuska a sake. "A'a, Bahijja 'yar gidana! Kun zo lafiya? Ya Gwaggon yara? Ya hanya? Ke kam kullum ƙara tsawo kike kamar dawa."

Ni ta yi wa gaisuwar mutum biyu. Haka take yi tun da na san ta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, in ta kama dole sai ta ce "mutumin Turawa". Ba ta zama inda yake zaune, ba ta haɗa ido da shi. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, kunyar ɗan fari ce, kuma tasu ta can Fulatan mai kauri ce. Shi ma ya sani sarai. Kawai karatu ne ya hau masa kai, ya zata in aka kafa kyamara abin zai sauka.

Ya kafa kaya. Gaskiya a nan na fara ganin an koya masa wani abu. Ya zagaya gidan yana kallon sama, ya ce a matsar da turmi bakin rumfa, don rana ta taɓa gefen fuskarta kar ta dake ta gaba ɗaya. Ya rataya farin zanen Inna a igiya, sai ga haske ya dawo ɗaya kumatun kamar an shafa mata mai. Ya ba ni wani ɗan mitsitsin makirfo na maƙala mata a wuyan riga. Matan maƙwabta suka cika bakin ƙofa.

Ya tsaya bayan kyamara, ya sa abin ji a kunne, ya gyara murya.

"Inna, ki gaya mana yadda kika fara wannan sana'a."

Shiru. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Inna, ko a wurin wa kika koya?"

Ta ce, "Ke Bahijja, miƙo min ludayin can."

Matan bakin ƙofa suka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Yau ga ikon Allah, ɗan fari zai yi hira da uwarsa! Yaro, a makarantar taku ba a koya muku kunya?"

Ya ce a bar ta, malamarsu ta ce in aka jima mutum yana mantawa da kyamara. Muka jima. Ta murje gyaɗa, ta sheƙe, aka kai inji aka dawo da ita, duk ta ba shi ƙeya. Ya zagayo ta gaba, ta juya. Ya koma bayan zana ya ɓuya yana jefo tambaya ta tsakanin kara, ta ce wa zanar, "Allah ya shirya." Iyakar maganar da ya samu ke nan ranar, ita da ludayi.

Na ce masa, "Kyamarar ta manta da ita tun ɗazu. Kai ne ba za ta manta ba."

Da la'asar na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gida ya dafe kai. Ban taɓa ganin Yusha'u haka ba, har na fasa tsokanarsa. Ya ce ba zai iya canja mutum ba, sunanta aka sa wa hannu. Ya ce gobe kaɗai ta rage.

Kawu Sulle ya dawo daga gona, ya jingine fartanya, ya ji abin da ya faru. Na zata zai ce ai ga irinta nan. Sai ya yi dariya har da tari.

"Kai yanzu duk karatun nan ba ka san in kana gidan ko tari ba ta yi da ƙarfi ba? Ka bar mata gidan mana. Gobe akwai cirar gyaɗa a gonar fadama, ka zo ka kama min. Wannan mai bakin," ya nuna ni, "ita ta tsaya. Ai ko dutse ta zauna da shi sai ya tanka."

Yusha'u ya kalle ni kamar an ce ya ba akuya ajiyar dusa.

"Bahijja? Baba, kyamarar makaranta ce fa."

Na ce, "To zauna ka maimaita shekara, Darakta."

Kafin magariba ya yi min karatun shekara huɗu a tsaye. Ya ce shi zai saita komai da safe, ni jan maɓalli kawai zan danna, in ga jan ɗigo ya fito. Kar in taɓa abin jawo hoto kusa. Kar in sa ta a tsakiya, in bar fili ta gefen da take kallo, don mai kallo ya ji kamar akwai wanda take wa magana. In zauna dab da kyamarar, ƙasa-ƙasa, idona daidai da nata. Kar in yi tambayar da za a amsa da e ko a'a.

"Na ƙarshe kuma shi ne babba," ya ce. "In ta gama magana, ki yi shiru."

"Shiru kamar yaya?"

"Shiru. Kar ki ce uhm, kar ki ce Allah sarki, kar ki jefa wata tambayar. Ki kalle ta kawai ki jira. Mutum ba ya son shiru, zai cike shi da kansa, kuma abin da zai faɗa a lokacin ya fi duk abin da kika tambaya. Mun yi wata guda a aji a kan wannan."

Na ce, "Ni za ka ce wa in yi shiru? Ka san ko a salla da ƙyar nake kaiwa sallama."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa nake jin tsoro."

Lahadi da safe ya saita, ya duba, ya sake dubawa, Kawu na ƙofa yana danna hon. Da ƙarar babur ɗinsu ta ɓace, wallahi kamar an kwance wa Inna ɗaure. Ta sauke mayafi ta ɗaura a ƙugu, ta ce, "Kai, jiya na sha wuya. Wuyana har ciwo yake don juyawa." Na danna jan abu.

Na ce, "Inna, wa ya koya miki matsar mai?"

Ai kuwa kamar na buɗe famfo. Kakarta ce ta koya mata, wata gajeriyar mata mai faɗa, da muciya take gyara mata hannu. Ta zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa a turmi tana juyawa tana ɗiga ruwan zafi, tana bayani: in ruwa ya yi yawa ka kashe shi, in ya yi kaɗan ya ƙi fita, kuma mai ba ya son gaggawa, ba ya son mai fushi. Ta ba ni labarin shekarar da gyaɗa ta yi ciwo duk garin aka koma man shanu, da ranar da ta fara kai ƙuli kasuwar Rogo ta rasa bakin talla har wata Bafulatana ta karɓa ta sayar mata. Ni kuwa na manta da dokar Darakta, ina ta ƙyaƙyata dariya, har na tashi na kori akuya da zagi, na dawo na buge ƙafar kyamarar. Na gyara yadda na iya.

Can na tambaye ta ko man ya taɓa ƙin fita gaba ɗaya.

Ta ce, "Sau ɗaya. Ranar da aka tafi da mutumin Turawa." Ta tsaya.

Bakina ya cika da magana fal. Allah sarki na nan a kan harshena, da wata tambayar a bayanta. Na tura gefen mayafina a baki na cije. Ina kallonta, tana kallon turmi. Kaza ta wuce. Na ji kamar zan fashe.

Sai ta ci gaba, murya ƙasa-ƙasa.

"Ina jin Gwaggonsa ta goya shi a zaure, ban fito ba. Ina zan fito, surukata na zaune? Na ce aiki nake. Na juya gyaɗar nan har hannuna ya mutu, ko ɗigo. Surukata ta leƙo ta ce, 'Saude, ruwan ido ya yi masa yawa, bar shi.'" Ta yi 'yar dariya. Ta sake yin shiru, ni ma na sake cije mayafi.

"Da aka ce ya tafi karatun fim, mata suka yi ta kawo min magana. Ni ban ce komai ba. Amma a raina na ce ai ba yau ya fara ba. Yaron da tun yana zaune a tabarma, in ina aiki ba ya kuka, ba ya neman nono, ido kawai zai zuba wa hannuna har in gama. Kallo ne abincinsa. In Allah ya sa a nan abincin nasa yake, to ya ci da albarka."

Daidai nan man ya fara tasowa a saman tunkuza, yana ƙyalli. Ta ce, "Kin gani? Ya ji ana maganar arziki."

Bayan azahar suka dawo, Yusha'u duk ƙasa har gira, hannunsa ya yi kanta. Ko wanka bai yi ba ya zauna a zaure ya sa abin ji a kunne. Ni na tsaya a kansa ina jiran yabo.

"Kin yanke mata saman ɗankwali."

"Akuya ce."

"Wannan dariyar kuma ta wace ce kamar ana yanka zabo?"

"Ta uwar gidanka ce."

Sai ya danne abin ji a kunnensa. Na san inda ya kai. Ya mayar baya ya sake ji, ya sake mayarwa. Ya juya fuska wajen bango yana murza ido wai ƙasar gona ce ta shiga. Na ce, "Ƙasar gonar fadama ai haka take, sai an zauna a zaure take shiga ido." Ya jefe ni da hularsa yana dariya, hanci na zuba.

Ya ce, "Kin yi shirun."

Na ce, "Sau biyu. Ka rubuta a tarihi."

Da rana ta yi sanyi ya ce saura hotunan hannu, waɗanda zai saka a kan maganar. Wannan ba ya buƙatar kowa ya ce komai. Ya shiga ya durƙusa gefen kasko da kyamara a kafaɗa, Inna na murza ƙuli tana jefawa a mai. Bai kalli fuskarta ba, ba ta kalli tasa ba, amma ba ta juya baya ba. Har da ta ga yana ƙoƙarin leƙa cikin kaskon, sai ta ɗan karkato masa shi, ta ce wa iska, "A yi hankali da wuta."

Litinin ya mayar da kyamara. Ya yi makonni yana yanka da haɗawa, yana kirana a waya yana ƙorafin wai duk inda ya so yankewa dariyata na wurin. Ranar da ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa, ina wanke-wanke ya kira.

"Baiwa, an karɓa! Na fita!"

Na yi guɗa har Umma ta fito ba ɗankwali. Ya ce sun yi ta tambayarsa me ya sa bai yanke dogon shirun nan ba, ya tsaya ya yi musu bayani da turancinsa har Malama Nuriyya ta gyaɗa kai. Ya kuma gaya musu gaskiya cewa shi yana gona lokacin hirar, da dalili, wani malami ya ce ya ƙara wannan a rubutunsa don na baya su karanta. Sunana ma yana ƙarshen fim ɗin, an rubuta "Mai tambaya". Na ce ya kamata a sa "Mai shiru", don shi ne aikin da ya fi ba ni wuya.

Kawu Sulle yanzu in an tambaye shi cewa yake, "Fim ya karanta, ai har ni na taimaka."

Yusha'u ya kawo fim ɗin Fulatan a kwamfuta, aka taru a ɗakin Kawu, maƙwabta har taga. Inna ta ce ita tana da aiki, ta shige madafa. Sai da ya koma, na je kai mata saƙon Umma, ta ja ni ɗaki ta saki labule.

"Ke, abin nan yana cikin wayarki?"

Na kunna mata. Ta riƙe wayar da hannu biyu nesa da fuska, ta kalla tun daga farko har sunaye suka gama hawa. Na ƙagu.

"Inna, ya kika gani?"

Ta ce, "Da kin gaya min gindin kaskon nan zai fito haka, da na sa an goge shi da toka." Ta miƙo min wayar, ta gyara zama. "Mayar min farko."